Ɗabaƙoƙin Masu Ajiye Maƙalallen Imel

Tun da aka daidaita ƙa'idar MIME a 1992, wadda ta halatta wa wasiƙar imel ɗaukar hoto da takarda, masu rubuta manhaja suka sami wani aiki mai kama da sauƙi, wato ciro fayil ɗin da aka maƙala a ajiye shi cikin folda da sunansa na gaskiya. Amma duk wanda ya zauna da su zai tarar sun kasu ɗabaƙa ɗabaƙa.

Na farko shi ne mai tawakkali, wanda duk sunan da ya tarar a layin Content-Disposition, da shi zai ajiye, ba bincike ba tazkiyya, ko da kuwa wani mugu ya sa "../" a gabansa don fayil ya tsallake folda ya faɗa inda ba a nufa ba. In an yi masa magana sai ya ce ai zato zunubi ne.

Na biyu shi ne mai suna ɗaya, wanda ya raɗa wa kowane fayil "takarda.pdf", har na baya ya riƙa danne na gaba, sa'an nan da ƙarshen wata ya buɗe folda ya ga guda ɗaya tak, ya kama salati yana tuhumar abokan aiki.

Na uku shi ne muƙallidi, wanda ya kwafo rubutun wani bai san illarsa ba. Muddin suna da baƙaƙen Turanci zalla yake, lafiya lau, ranar da aka aiko masa da "ƙididdiga.xlsx", sai ƙa mai lanƙwasa ta tona asirinsa, domin sunan ya iso a lulluɓe, ya fara da "=?UTF-8?B?xplp", shi kuwa bai san ana warwarewa ba. Hukuncinsa a kullum guda ne: laifin mai aikowa ne.

Na huɗu shi ne mai waswasi, wanda saboda tsoron abin da ya sami na biyu yake jera wa suna shekara da wata da daƙiƙa da adireshin mai aikowa, kamar maroƙin da ke jero nasabar basarake, har ya haura haruffa 255, kwamfuta ta ce ba da ita ba.

Na biyar shi ne mai haɗama, wanda ba ya barin kome, har tambarin da ke ƙasan sa hannu, ga "image001.png" birjik, ga "winmail.dat" na Outlook da ya rasa abin buɗe shi.

Akwai kuma na shida, wanda ya ɗauki suna a matsayin da'awar baƙo da sai an tantance: ya warware shi, ya yanke abin da ke nuna hanya, ya cire alamomin da Windows ta haramta irin su ":" da "?", in ya tarar da takwara ya ƙara lamba. Wannan bawan Allah, da yake aikinsa bai taɓa ɓaci ba, har yau shugaban ofis bai san sunansa ba.