Tsinin Wuƙar Uwargida

Wuƙa biyu ce ke da suna a gidanmu na Darmanawa. Akwai tawa, zabgegiya mai kuben fata, wadda na sayo a Kasuwar Kurmi. Aikinta sau ɗaya ne a shekara, ranar layya, sauran kwanakin tana kwance a saman durowa kamar ɗan fansho. Sai ta uwargida, 'yar mitsitsiya, mariƙinta har ya koɗe, da ita ta zo cikin kayan ɗaki. Ita ke fere doya, ta kankare citta da karas, ta cire hancin tumatir, ta yanka kuɓewa siri-siri kamar an auna. Lemon da nake sayowa a 'Yan Lemo ma ita ke fere shi, ɓawon ya sauko a murɗe bai tsinke ba. Ni dai ban taɓa yi mata kallon arziki ba.

Wata Asabar cikin Afrilu, zafin Kano ya kai maki 40, fankar falo ta kama kaɗa kai kamar ɗalibi a gaban allo. Noti ɗaya ne ya kwance. Sukundirebana kuwa maƙwabci ya ara tun azumin bara. Uwargida ta tafi barkar haihuwa Gyaɗi-Gyaɗi, kicin babu mai gadi. Na leƙa, na ga 'yar wuƙar a kan faranti, tsininta kamar don notin aka ƙera shi.

Na taka kujera na sa tsinin. Murɗawar farko lafiya lau. Ta biyu har ina yaba wa kaina. A ta uku na ji ƙas! Tsinin ya yi tsalle ya ɓace.

Ashe autanmu ɗan shekara biyar yana bakin ƙofa.

"Baba, ka karya wuƙar Umma."

Na ba shi naira 100 ta alewa, muka yi alkawari irin na maza.

Na tari adaidaita sahu sai kasuwar Tarauni. In ana gobe Babbar Sallah ne, duk lungun da ka shiga sai ka ji kukan dutsen masu wasa wuƙa, amma ran nan sai da na jiƙe sharkaf da gumi kafin na samu wani dattijo. Ya juya wuƙar, ya dube ni.

"Alhaji, ta Hajiya ce ko?"

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Kai ne na uku a satin nan. Fanka ce ko soket?"

Ya ɗora ta a dutse, tartsatsi na tashi, ya fitar mata da sabon tsini tsaf. Sai dai ta rage tsawo da gaɓar yatsa guda. Na koma gida na ajiye ta a kan farantin, daidai yadda na same ta, na kishingiɗa da carbi.

Bayan la'asar uwargida ta dawo, ta ɗauki dankalin turawa. Ina jin motsi, sai na ji shiru. Shirun kicin ya fi ƙarar turmi ban tsoro.

"Maigida, wuƙar nan ta rame."

"Zafin nan ne," in ji ni. "Kowa ma ya rame."

Ba ta yi dariya ba. A tsaye ta karanta mini aikin tsinin: da shi take ƙwaƙule idon dankali, da shi take tsaga ƙundun kaza ba ta huda jakar ciki ba, da shi take ɗauke maɗaciya daga jikin hanta, don in ta fashe naman ya tashi aiki. Shekara 12 hannunta ya san inda tsinin yake ko ido a rufe, yau ta kai sura ta sami iska. Ina shirin ɗora laifin a kan tsufan ƙarfe, auta ya shigo, baki cike da alewa.

"Umma, Baba ya ce kar in gaya miki shi ya karya."

Ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta sauko da wuƙata ta layya, ta haɗo mini da doya guda mai girman cinya. Na zauna a kujera 'yar tsuguno na yi ta sassaƙa kamar mai gyaran turmi. Da na gama, abin da ya rage bai fi sabulun wanki ba, ɓawon ya fi doyar nama, babban yatsana kuma naɗe da tsumma.

Da daddare aka kawo wuta, na kunna fanka, ta ci gaba da kaɗa kanta. Na tashi ba takalmi zan kashe ta. A taku na biyu na gano inda tsinin ya faɗa.