Rahusar Sanyi a Bilakful

Daga cikin al'amuran mutanen Ingila da ke ba mai nazari mamaki, su da tattali ya kusa zame wa ibada, akwai ziyarar bakin teku a watan Janairu, sa'ad da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, iska kuwa tana kaɗowa daga tekun Ailan kamar mai bin tsohon bashi. Garin Bilakful na bakin wannan teku, wanda hasumiyarsa ke tsaye tun 1894, ba ya rasa cinkoso lokacin zafi. Amma da zarar an kashe fitilun adon da garin ke kunnawa na biki duk shekara, sai masu masauki su karya kuɗin ɗaki, masu soya kifi da dankali su shiga tallar rangwame, alhali a watan Agusta ko kallon arziki ba sa yi wa baƙo.

Sai ka ga magidanci daga Mancesta ya kwaso iyali a jirgin ƙasa, ya zaunar da su a gidan abincin da babu kowa sai su, yana lissafin ribarsa da natsuwar malamin da ke rabon gado. Uwargida tana rawar ɗari, yara suna leƙen wurin wasan da aka garƙame da kwaɗo, shi kuwa yana kafa musu hujja cewa tekun dai shi ne na bara, ko moɗa ɗaya ba a ɗebe ba. A hanyar komawa ya biya kuɗin maganin mura na mutum biyar, amma wannan bai shiga cikin hisabin ba.