Rowar Fenti

Akwai mai rowar nama, akwai mai rowar goro. Ni tawa rowar a gwangwanin fenti ta tare.

Sana'ata koyarwa ce, amma abin da ke cinye min yammacin Asabar shi ne ƙera jirgin ƙasa na wasa. Gwangwanin madara ne tukunyar injin, marafen kwalba su ne ƙafafu, waya ta haɗa taragu. Aikin yara ne, furfura ce kawai ta riske ni ban ajiye shi ba. Kuma a Wurno nake, inda ba a taɓa jin ƙugin jirgi ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, balle Rabah ko Goronyo. Shinkafarmu da albasa da tafarnuwa har gobe a bayan mota suke fita. Ke nan duk faɗin yankin nan ni kaɗai ne hukumar jiragen ƙasa, ba mai duba aikina.

Ba jahilci ke damuna ba, don ƙa'idar a kaina take. A goge gwangwani da sanfefa har ƙyallinsa ya mutu. A fara shimfiɗa jan fentin nan na hana tsatsa. Fentin mai da tina ake tsinka shi, kaɗan-kaɗan, har ya riƙa bin buroshi ba tare da ya zuba ba. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin mai kauri yana cike ƙananan tagogi da layukan da aka sha wuyar fitarwa. Masu wannan sha'awa a Jamus da Amurka, waɗanda jiragensu kan zama kashi 1 cikin 87 na girman na gaske, da ƙaramar na'urar feshi suke aiki, su ma sai sun tsinka.

To, wannan izinin tsinkawa shi ya zame min ƙofar ɓarna. Da na buɗe ƙaramin gwangwanin kore na ga ya yi ƙasa, sai zuciya ta ce, "Ƙara ɗan kananzir." Ba tina ba fa, don tina sai an saya, kananzir kuwa na fitilar uwargida ne. In ƙara, in juya, in ga gwangwani ya ciko, raina ya yi fari. In sake ƙarawa. Kafin in ankara fenti ya zama ruwa tsululu, in na shafa sai ya gangaro ya taru a gindin tarago, hoton da ke jikin gwangwanin madara yana leƙo ni ta ƙarƙashin koren.

Kananzir kuma ba ya saurin tashi. Fenti sai ya kwana yana danƙo, in lokacin hunturu ne ƙurar buji ta manne masa, jirgi ya wayi gari da ƙuraje. Na koma fetur, shi kuma ya bushe tun a buroshi, ya kashe ƙyalli, ga warin da ke korar mutane daga zaure, ga tsoron wuta. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 sai lissafin ya ƙara rikicewa, abin sirkin ma ya zama na masu hali. Nan na yi dabarar fentin ruwa, tunda shi ruwa yake sha, ga Rima a gefenmu, ga madatsar Goronyo cike. Ashe fentin bango ba ya zama a kan ƙarfe. Da farce yara suka ɓare shi.

Na kai wa wani mai fentin ƙofofi wani kan jirgi ya duba. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Malam, wanga ba fenti ba na, alwala ka yi mishi." Uwargida kuwa ta daina magana, ta dai sauya wa galan ɗin kananzir maɓoya. Ranar da na yi ƙorafi sai ta ce, "Malam, kai da kake koya wa yara lissafi, kuɗin kananzir ɗin da ka zuba ai ya sayi gwangwani biyu." Na ce mata ba ta san aikin hannu ba. Gaskiya ta faɗa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba kuɗin nake tausayi ba. Ganin gindin gwangwani ne ba na so. Akwai wanda na yi ta sirkawa har launinsa ya ɓace, ban iya shaida ko kore ne ko rawaya, kuma yana nan a kan taga ina lallaɓa shi.

Saboda haka duk mai ƙofa ko akwatin da yake son a shafa wa fenti a Wurno, ya ji tausayin kansa ya nemi wani. In kuwa lallai sai ni, to ya tsaya a kaina, ya riƙe kwalbar kananzir a hannunsa.