Banufe Ya Yi wa Kwamfuta Tiyata

Bawana Banufe, labari ya iske ni har Tunga cewa ka kwance cikin kwamfutarka da hannunka, wai Wi-Fi ba ya kamawa. Sannu likita! Mutumin da iyakar fasaharsa zare ƙayar kifi, yau shi ne riƙe da sukuddireba a Bosso. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana Minna tun 1983, an ce maka zama kusa da katangarta digiri ne?

An ce ka je Obasanjo Complex ka sayo kati sabo fil, Intel AX200, don ka ji ana cewa shi ne Wi-Fi 6. Katin ba shi da laifi, tun 2019 yake kasuwa yana aikinsa. Sai dai ramin da yake shiga M.2 ne, tsohuwar kwamfutar taka kuwa, wadda ta girmi ɗanka na fari, ramin mini PCIe gare ta. Ka danna ya ƙi, ka ƙara dannawa, har ka fara neman guduma. Bakatsine irina zai fara duba ramin ne kafin ya zaro kuɗi. Allah ma ya so ka da ba ka ɗauko AX201 ba, shi wannan ko ramin ya dace, sai da wasu injinan Intel kaɗai yake jituwa. Wasu tsofaffin HP da Lenovo kuma ko kunnuwa ba sa yi idan suka ji baƙon kati.

Ina wayoyin nan biyu sirara, baƙa da fara, da ka fizge? Su ne eriya. Daga kan katin suke tashi, su bi ta gaɓar da murfi ke buɗewa, su haye saman fuskar kwamfutar. Kawunansu ba su kai ƙwayar dawa ba, ɗagawa ake yi tsaye a hankali, bayan an cire batir. Sau da yawa ma kati lafiyarsa ƙalau, wayar ce ta tsinke a gaɓar nan saboda buɗe-rufe, balle a hannun mai rufe kwamfuta da fushi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Makwabtanka sun tsegunta mini inda kake ajiye MiFi ɗinka: cikin tukunyar tagulla ta Bida, har da murfi, wai kada yara su shanye maka data! Haba bawan Allah. Siginar rediyo ba ta ratsa ƙarfe. Maƙeran Bida sun iya aiki, na yarda, shi ya sa ko sanda ɗaya ba ta tsere maka. Ga bangon siminti mai rodi tsakaninka da ita, kai kuma ka dage sai 5 GHz don an ce ya fi gudu. Ya fi gudu idan kana kusa, 2.4 GHz ne mai haƙurin ratsa bango.

Fito da abar nan daga tukunya ka ɗora ta sama kusa da taga, ka sa mata lambar sirri, ba 12345678 ba, wannan ko almajirin layinku ya haddace ta. Mayar da tsohon kati, ka kai wa mai gyara ya duba eriyar da ka raunata.

Sabon katin kuwa, ajiye mini shi, tawa M.2 ce. Zan cire shi daga kuɗin sharar da nake binka tun cika-cikin bara. Ranar Asabar ina tafe, a tanadi kifi.