Kwamfutar Allo

Shekara uku muka yi a sakandare muna koyon kwamfuta, ko taɓa ta ba mu yi ba. Malam ya zana mana ita da alli, har da linzaminta mai doguwar wutsiya. Sunan Charles Babbage kuwa mun haddace shi fiye da na kakanninmu. Kwamfutocin gasken suna can ɗaki a kulle, lulluɓe kamar amare, ana jiran wuta.

Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta a 2015, aka ce wa wani abokina ya yi sama da linzamin. Bawan Allah ya ɗaga shi da hannu biyu, kamar mai roƙon ruwa.