Baƙon da ba ya sallama

Magana ɗaya zan kafa, kuma da hujja, ba da labarin kaina ba, domin ni babu abin da ya same ni: duk abin da zai shiga aljihun magidanci ya jujjuya masa kaya ba sallama, ba shi da tarbiyya, ko da sunansa sabuntawa, wadda yara ke kira afdet. Duniyoyin nan na cikin waya da samarinmu suka tare a ciki, tun daga Daura har Mai'adua da Baure, masu su ne ke juya su yadda suka ga dama. PUBG Mobile, wanda ya fito a Maris 2018, mutum 100 yake zubawa a tsibiri guda su yi ta gwabzawa. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo mutum 50 yake ɗauka. Kusan duk bayan wata biyu sai a rushe gini, a kawo sababbin makamai, a ce ba mai shiga sai ya sauke sabon kaya da datarsa. A Oktoba 2019 masu Fortnite sun haɗiye duniyarsu ɗungurungum cikin wani baƙin rami, jama'a suka zauna suna kallon duhu fiye da yini guda. Mu mutanen Daura ba sai an yi mana bayani ba, mun san rijiya mai maigadi. Sai dai macijin rijiyar Kusugu, a yi masa adalci, an san ranar Juma'a yake bari a ɗebi ruwa, kuma bai taɓa bin kowa gidan surukai ba.

To, a ce wani mutum, ba ni ba, mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu, shekaranjiya Asabar aka wakilta shi ya kai kuɗin gaisuwar ɗan wansa wani ƙauye a ƙasar Sandamu. A ce a mota ya ga wasan da yake ɗan taɓawa da dare, don nazarin halin matasa kawai, yana neman sabuntawa, ya danna, ya ga abin yana tafiyar hawainiya, ya sa wayar a shiru ya jefa ta aljihun babbar riga. A ce an baje tabarmi a zaure, an gaisa, waliyyin yarinya ya gyara zama ya ce, "To Malam, yaya natsuwar yaron naku? Ka san yaran yanzu da waya." Mutumin ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Alhaji, a gidanmu ba a san wasan banza ba." Bai rufe baki ba aljihunsa ya ɗauki kiɗa, irin wanda ake sakawa a fim idan za a fara yaƙi. Ya kai hannu ya danne ta kan riga, ashe gayyatar abokan wasa ya karɓa, sai muryar wani yaro da ko fashewa ba ta gama yi ba ta cika zauren: "Oga Damisa! Ka ga sabuwar bindigar da aka kawo? Yau da dare sai mun share garin nan!"

A jihar Katsina ta yau kowa ya san nauyin wannan magana. Liman yana tsakiyar tauna goro, haƙorinsa ya tsaya. Wanda ke kusa da ƙofa ya jawo takalminsa da yatsan ƙafa. Hannuna, wato hannun mutumin, ya shiga laluben aljihu, kuma duk wanda ya taɓa sa babbar riga mai sitati ya san aljihunta ba ya samuwa ranar da ake buƙatarsa. Ya fito da carbi, ya mayar. Ya fito da ambulan ɗin kuɗin gaisuwa, ya ajiye a gaban Alhaji kamar mai biyan fansa. Kiɗa bai fasa ba. Can yaron ya ƙara da cewa, "Amma don Allah Oga, yau ban da ɓuya a banɗaki irin na jiya. Sati uku ko mutum ɗaya ba ka harba ba." Na yi kwana biyu ina auna maganganun nan biyu, a madadin mutumin, har yanzu ban yanke wadda ta fi muni ba: ta farko ta mai da shi ɗan bindiga a gaban dattawa tara, ta biyu ta wanke shi, amma da ruwan da ya gwammace a bar shi da dattinsa.

Za a ce laifinsa ne, da ya kashe ƙara. Ya kashe. Abin da mutane ba su lura ba shi ne, a yawancin wayoyin Android maƙogwaro ba ɗaya ba ne: shiru yana toshe bakin kira da na saƙo, amma kiɗa da bidiyo da wasa hanyarsu daban. Ƙarar wasan kuwa tun bara ya shaƙe ta daga ciki saboda uwargida, sabuntawa ce ta zo ta mayar da komai yadda aka haife shi. Za a ce ai kamfanoni kan fitar da sanarwa kafin su taɓa komai. Suna fitarwa, shafi bayan shafi da Turanci, an rage wa wannan bindiga ƙarfi, an kawo sabuwar riga mai walƙiya, amma ban ga layin da ya ce za mu buɗe maka baki a gaban surukai ba. Za a ce dole ne a riƙa gyara, in ba haka ba masu maguɗi su cinye wasan. Na yarda. Mai gyaran famfo ma dole ne, amma a zaure yake tsayawa ya yi sallama, ba ya tsallako katanga ya sauya maka wurin gado, sannan ya ce ka biya kuɗin motarsa, a ƙasar da tun Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Saura masu cewa me mai furfura yake nema a can tun farko. Iyayenmu sun yi dara a gindin bishiya har haƙoransu suka zube, ba wanda ya ce uffan, don ramin dara ba ya kiran sunanka.

Wanda ya ceci ranar, a nasa ganin, kawun amarya ne, wani tsoho da tun shigowarmu yake gyangyaɗi. Ya farka ya ce, "Cire batirin, ɗana!" Aka ce, "Baba, irin wannan ba a cire mata batir." Ya ce, "To hura mata iska ta ƙasa." Aka hura, yaro yana ta "Oga kana ji na?" Ya ce a tusa ta cikin buhun gero, haka aka yi wa ta jikansa da ta faɗa randa. Sannan ya zaro wata Nokia da aka ɗaure da kyauron roba, ya ɗaga ta sama kamar takobin Bayajidda, ya ce tun zamanin Obasanjo take hannunsa, akwai maciji a ciki, kullum yana ba shi abinci, bai taɓa yi masa magana a gaban mutane ba. Ya juyo ya dube ni, ya dubi mutumin nake nufi, cikin tausayi ya ce, "Kuma ɗana, in an sake biyo ka, bar shiga banɗaki. Rumbu ya fi."

An karɓi kuɗin, an sa rana bayan Sallah. Alhaji ya roƙi arziki ranar ɗaurin aure a turo wani wakilin.