Yadda Ake Farautar Tsohon Kaset a Ɗakin Kaka

A watan Oktoban 2013 BBC ta yi wata shela da ta faranta ran masu kallo a Ingila: an gano kashi 9 na tsohon shirinta Doctor Who, bayan an daɗe da fid da rai da su. A Jos aka same su, cikin ɗakin ajiyar wani gidan talabijin, gwangwanayen fim a jere sun sha ƙura. Shirin ya fara fita ranar 23 ga Nuwamban 1963, labarin wani Dakta ne daga wata duniya, mai yawo a sararin samaniya da cikin zamanin da da na gaba, a wani shuɗin akwati da cikinsa ya fi wajensa girma. A wancan lokaci tef yana da tsada, sai BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shirye tana ɗora sababbi. Abin da ya tsira yawanci kwafin fim ne mai faɗin milimita 16 da ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, bisa sharaɗin in an gama a tura gaba, ko a mayar, ko a lalata. Na Jos aka bar su a kan kanta, har wani Bature mai suna Philip Morris ya biyo sawunsu. Da su labarin The Enemy of the World ya cika, The Web of Fear kuma ya rage kashi na 3 kawai. Dukansu na zamanin da Patrick Troughton yake fitowa a matsayin Dakta ne, tsakanin 1967 da 1968. Aka wanke su aka gyara, aka sa su kasuwa a intanet, daga baya suka fito a faifan DVD. Bayan wannan ganowa, kashi 97 ne suka rage ba a samu ba a lokacin.

To kai mutumin Gwiwa, kada ka fara haɗa kuɗin motar Jos. Farautarka tana nan gida, kuma abin da za ka nema ya fi Daktan Turawa kusa da zuciyarka: Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wasannin marigayi Kasimu Yero, Karkuzu, Kuliya Manta Sabo, duk waɗanda wani kawunka ya taɓa naɗa daga talabijin. Akwai finafinan farko na Kano tun daga Turmin Danya na 1990, da aka riƙa sarowa daga Ƙofar Wambai da Bata. Akwai hawan sallar Kazaure, da walimar saukar karatu, da bikin Gwaggo wanda rabin mutanen cikinsa yanzu sun riga mu gidan gaskiya.

Ka fara da ɗakin Kaka, don a nan duk abin da gida ya manta yake kwance. Amma kada ka faɗa mata kai tsaye da maganar kaset. Ka sayi goro fari mai kyau, ka yi sallama, ka zauna a tabarma, ka shiga da wasan jika: “Amarya, ina kwana? Yau angonki ya zo duba kayan ɗaki.” Za ta ce ba ta auren miji marar kuɗin cefane. Ka miƙa goron. Sai hira ta yi nisa za ka tambayi tsohuwar adakar mijinta Malam da ke ƙarƙashin gado. In ta ce babu komai a ciki sai tarkace, ka gyara zama, tarkacen ka zo nema. In ta ce makullin ya ɓace, yana ɗaure a bakin zanenta, kuma ba za ta kwance shi ba sai ka saurari labarin yadda aka kawo ta gidan nan tun daga farko. Ka saurara da kyau, ka ma kunna wayarka ka naɗa in ta yarda, don wannan labarin ba shi da kwafi ko a Jos.

Daga nan sai gidan Kawu, wanda ya taɓa riƙe shagon haya na kaset a Kazaure ko Roni ko Babura kafin faifan CD ya kore shi, waya kuma ta kori faifan. Irinsu ba sa zubar da kaya. Ka duba saman silin, bayan buhunan gero, da cikin kwalin da kaza take ƙwai. Kazar ka lallaɓa ta.

Ka yi sauri kafin kaka ta yi, wato kafin gero ya nuna. Da zarar tsuntsaye sun fara sauka a gona, yaran gida za su fasa kaset su zare baƙin zaren, su ɗaura shi daga kara zuwa kara yana sheƙi yana kaɗawa a iska. Dabara ce mai aiki, tsuntsu yana tsoronta. Sai dai wataƙila Samanja ne yake gadin gonar nan, kuma bayan rana da ruwa sun dake shi ba mai sake jin muryarsa. Ka saya wa yaran ledar ƙyalƙyali su ɗaura, su ba ka kaset.

Idan ka samu, ka danne zumuɗi. Kada ka cusa shi cikin bidiyo nan take. Ka leƙa ta ɗan gilashin: in ka ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce, za ta ɓata kan na'urar ta kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Irin wannan sai mai gyara ya tsabtace shi. Wanda yake lafiya ka ajiye shi a tsaye cikin gidansa, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana da kuma lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana iya lalata abin da aka naɗa. Ka ɓalle ɗan harshen roba da ke gefen kaset ɗin, ta haka ba wanda zai ɗora wani abu a kai bisa kuskure. Kada ka yarda da rubutun da ke jiki. Kaset ɗin da aka rubuta wa “wa'azi” yana iya ƙunsar wa'azin minti 20 sannan wasan kwaikwayo ya biyo, don haka ka kalla har ƙarshe. In kuma Allah ya haɗa ka da gwangwanin fim irin na majigi, ka ɗan buɗe ka shinshina. Wari mai tsami alama ce ya fara ruɓewa, sai ka raba shi da sauran, kada kuma ka warware shi a tsakar gida don yara su ga hoto.

Na'urar kallon ma sai an nema. Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Wadda ke gidan maƙwabcinka an ɗora tulu a kai, ka roƙe shi ya sauke tulun. Ka kai ta wurin mai gyaran rediyo ya goge kan ya canza bel. Da ɗan abin haɗi da ake sayarwa a kasuwar kayan lantarki za a juye hoton zuwa kwamfuta, kuma ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure da yawa sun iya wannan aiki. Ka yi kwafi uku, ka raba su gida uku. Kaset ɗin kuma kada ka yar bayan an juye.

Sauran aiki shi ne suna. Ka tara dattawan gida da daddare ka kunna musu, ka riƙe biro da takarda. Su ne za su ce wancan mai babbar rigar wane ne, wace shekara ce, wane fage ne. Za a yi dariya, za a yi gardama, wata ma za ta share hawaye da gefen mayafi. Ka rubuta duk abin da suka faɗa ka haɗa da kwafin.

In abin da ka samu shiri ne na wani gidan talabijin, ka sanar da su, ka sanar da iyalan waɗanda suka yi wasan, don mai yiwuwa naka ne kaɗai ya rage. Ɗan'uwa, ka sayi goron a wannan makon ka je ka gaida Kaka.